Yatsu Uku na Malam Hodi

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, masu shaguna a kan hanyar asibiti a Argungu sukan gane ƙarar babur ɗin Malam Hodi tun kafin ya karyo kwana. Tsohon babur ne, da can ja, yanzu rana ta cinye jan ta bar shi kalar ƙasa. Aikinsa ba ya farawa sai takwas, amma abokan aikinsa sun ce ba su tuna ranar da takwas ta same shi a hanya ba. Zai jingine babur a gindin dogon-yaro, ya gaisa da masu gadi da masu shara, sannan ya shiga wani ɗan ɗaki da ke tsakanin sashen gaggawa da ɗakin tiyata.

A nan yake shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya jera kayan aikinsa. Akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da 'yar fitila a bakinsa, wanda ake danne harshe da shi a leƙa maƙogwaro. Sai ya kunna fitilar, ya kashe, ya girgiza ƙarfen, ya sake kunnawa. Akwai bututan roba, daga na jinjiri mai kaurin karan shinkafa har zuwa na ƙaton namiji mai kaurin yatsa. Mafi yawansu suna da 'yar balan-balan a ƙarshe; zai hura mata iska da sirinji, ya kara ta a kunne ya ji ko tana yoyo. Idan ya gama, ya fita wurin motar ɗaukar marasa lafiya, shi da direba Ja'afar su duba tukunyar oksijin su ga abin da ya rage a ciki. Ranar da babu tiyata ma haka yake yi. Ranar Sallah, idan aiki ya faɗo kansa, haka yake yi, babbar rigarsa na rataye a ƙusa.

A ƙarshen watan nan Malam Hodi Nasrullahi zai ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ni malamin makaranta ne, sunana Usmanu, ban san aikin asibiti ba sai abin da na gani da idona da wanda masu aikin suka faɗa mini. Da su zan yi wannan jinjina.

Malam Hodi nas ne, cikin waɗanda muke kira masu sa barci. Mu na waje mun ɗauka aikinsu allura ce kawai: a yi wa mutum ya yi barci, likita ya yi aiki, ya farka. Ashe wahalar ba a barcin take ba. A bayan harshen ɗan Adam akwai ƙofa biyu dab da juna, ɗaya ta abinci, ɗaya ta iska. Wanda ya suma, ko ya yi mummunan hatsari, ko aka sa shi barci mai nauyi, ba ya iya tsare ƙofar iskar da kansa. Harshe kan faɗa baya ya toshe ta, jini ko amai kan gangara huhu. Shi ya sa ake zura bututu ta baki a ratsa ƙofar, a riƙa hura masa iska. Kafin a zura, galibi sai an yi masa allurar da ke sake duk jiki, har da naman da yake numfashi da shi. Da zarar ta kama shi ya daina numfashi da kansa, 'yan mintoci ne kawai a hannun mai aiki. A yawancin mutane ƙofar tana nan a fili, bututu ya wuce ba gardama. A wasu kuwa sai a leƙa a ga nama kawai, babu ƙofa babu alamarta.

Abin da aka san Malam Hodi da shi shi ne gane waɗannan tun kafin a taɓa allura.

Yakan fara da yatsunsa uku. Shin suna shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa idan mutum ya buɗe baki? Shin suna samun wuri tsakanin bakin haɓa da maƙogwaro? Daga nan ya dubi wuya: gajere ne mai kauri, ko dogo? Yana lanƙwasawa baya? Ya dubi haƙoran gaba ko sun fito waje, ya dubi girman harshe, ya taɓa gemu, domin gemu mai yawa yana hana robar hura iska zama a fuska. Sannan ya yi tambaya, kuma a nan ya bambanta da mutane da yawa. Ja'afar direba ya ce da ni cikin dariya, "Malam, ko wurin suna kunka gaisa da Baba Hodi, ya riga ya auna wuyanka kai ba ka sani ba."

Na tambaye shi inda wannan ɗabi'a ta samo asali. Sai ya ba ni labarin Muhammad Sani.

A farkon shekarunsa na aiki ne, a wani ƙaramin asibiti da ya roƙe ni kada in ambata. Aka kawo Muhammad Sani, wani masunci, da tsakar rana, hanjinsa ya murɗe, ana bukatar tiyata nan take. Ƙaƙƙarfan mutum ne, bai wuce shekara talatin da biyar ba. Ciwo ya sa yana cije baki, kowa ya ɗauka ciwon ne. Aka yi masa allura, jiki ya saki, amma baki ya ƙi buɗewa fiye da faɗin yatsa guda. Ƙarfen leƙa maƙogwaro bai shiga ba. Suka koma hura iska ta fuska, ita ma ba ta wuce yadda ake so ba. Su uku suka yi ta fama har Allah ya karɓi abinsa, wuƙar likita ba ta ko taɓa cikinsa ba.

Malam Hodi ne ƙarami a cikinsu, shi aka tura ya kira matar. Da ta natsu daga kuka, ya tambaye ta ko mijinta yana da wata matsala a baki.

"Tac ce mani tun yana yaro ciwo yac ci mai kumci ta ciki, ya warke ya bar tabo. Tun sannan bakinai bai buɗewa. Ko tuwo sai ta yi mai ƙananan loma. Nic ce, 'Baiwar Allah, don mi ba ki hwaɗi ba?' Tad dube ni tac ce, 'Wa yat tambaye ni?'"

Ya ƙara da cewa, "Tana bakin ƙofa zaune tun da anka kawo shi, Malam Usmanu. Na wuce ta gabanta ya hi sau biyar. Kwana ya ƙare, na sani. Amma tambayar nan ba ta cin minti guda."

Bai ce ya yi rantsuwa a ranar ba, bai ce komai mai kama da haka ba. Abin da na sani shi ne, daga baya ya koma makaranta ya ƙaro karatu a kan wannan fanni, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya shaida cewa ba ya sa mutum barci sai ya duba bakinsa da wuyansa, sai kuma ya nemi wanda ya kawo shi ya yi masa tambaya, ko da a guje ake tura gadon.

A ɗakin tiyata, inda mara lafiya zai zauna ya buɗe baki ya fito da harshe, duba ba ta da wuya sosai. A bakin titi ne ake gane gwani. Labarin da ke tafe Dakta Nazifa ce ta ba ni da bakinta, kuma ta ce in rubuta shi yadda yake. Yanzu babbar likita ce a Birnin Kebbi, amma a lokacin wata takwas ke nan da turo ta Argungu.

Wata Asabar da hantsi, motar 'yan kasuwa ta yi faci ta ƙwace wa direba, 'yan kilomita kaɗan da fita gari a kan hanyar Birnin Kebbi. Aka tura motar asibiti da Dakta Nazifa da Malam Hodi. Suka tarar da albasa ta watsu a kwalta, mutane sun taru. Wadda ta fi jin jiki wata dattijuwa ce mai suna Asiya, mai sarin albasa. Ta bugu a kai, ba ta san inda take ba, jini a baki, numfashinta na fita da gurnani. A wuyanta akwai maƙoƙo babba, irin wanda mata kan rufe da mayafi shekara da shekaru.

"Abin da na karanta a fili yake," in ji Dakta Nazifa. "Wanda ya suma haka, a sa masa bututu kafin a ɗauke shi. Har na zuƙi allurar a sirinji."

Malam Hodi yana durƙushe a wajen kan Asiya, ya riƙe wuyanta kada ya motsa, don ba a san ko ya karye ba. Ba halin a ce ta buɗe baki, ba halin a ɗaga kanta baya. Ya sa yatsu a ƙarƙashin haɓarta, biyu ne suka samu wuri da ƙyar. Ya lalubi maƙogwaro ya ji maƙoƙon ya ture shi gefe. Sai ya ɗaga kai ya tambayi wata abokiyar tafiyarta da ke zaune riƙe da karyayyen hannu.

"Hajiya, in ta kwanta, rigingine taka kwana?"

"A'a wallahi, Malam. Sai da matashi ukku. In tak kwanta rigingine sarƙewa taka yi."

Ya matso kusa da likitar, ya sassauta murya yadda taron ba zai ji ba.

"Likita, hukunci naki na. Amma wagga mata lumfashinta nata na har yanzu. In munka amshe mata shi nan bakin hanya, ban da tabbacin muna iya maishe mata shi."

"Baba, in ta shaƙe mana a hanya fa?"

"Shi yas sa za mu buɗe komai mu aza kusa, har wuƙar da aka huda wuya da ita. In ta kai ga haka, mu yi. Amma kada mu kai ta can da hannunmu."

Dakta Nazifa ta ce ranta ya ɓaci. Ita ce likita, ga jama'a na kallo, ga nas yana ce mata ta dakata. Ta ce abin da ya sauko da ita shi ne bai ce mata "kada ki yi" ba, ya kama hannunta ne ya ɗora a wuyan matar don ta ji da kanta inda maƙogwaron ya karkata. Ta mai da murfin allurar.

Suka ɗora Asiya a mota. Malam Hodi ya sa yatsunsa a bayan muƙamuƙinta ya turo shi gaba don harshe ya ɗaga daga ƙofar iska, ya riƙe haka. Likita na tsotse jini da na'ura tana kula da oksijin. Wajen Zauro matar ta yi amai, leɓenta suka fara sauya launi. Suka juya ta gaba ɗaya kamar gungume ba tare da wuyan ya lanƙwasa ba, aka tsotse, launi ya dawo. Bai saki muƙamuƙin nan ba har ƙofar babban asibiti a Birnin Kebbi. A can, cikin ɗakin tiyata, da fitilu da na'ura mai kyamara, likitoci uku sun kusa rabin awa kafin bututun ya shiga, kuma ba su yarda sun tsayar mata da numfashi ba sai da ya shiga. Babban cikinsu ya fito ya tambayi wanda ya yanke shawarar kawo ta haka.

Malam Hodi ya ce, "Likita Nazifa ta."

"Ban manta ba," in ji ta. "Yana faɗin haka yatsunsa na ƙage, sun ƙi miƙewa. Sai Ja'afar ne ya ɓula masa ledar ruwa ya kai masa baki."

Asiya ta tashi. Daga baya ma aka cire mata maƙoƙon. Tana nan tana sarin albasarta.

Kai ne, Malam Hodi, wanda ya san abin da littafi ya ce kuma ya san inda littafi bai hango ba. Kai ne ka gyara wa likita hanya ba ka kunyata ta ba, aka zo yabo ka ja da baya ka miƙa mata. Mai gadin ƙofar iska, Hodi mijin Baiwa. Iyakar kirarin da zan yi maka ke nan, don na san ko wannan sai ka sunkuyar da kai.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa yana da wani sirri da ba ya kuskure. Shi da kansa ya hana ni rubuta haka. Ya ba ni labarin wani ɗan acaɓa siriri mai dogon wuya, baki na buɗewa sosai, duk alamu sun ce zai yi sauƙi. Da aka leƙa, ƙofar ta ɓuya can gaba inda ido ba ya kaiwa. Sau biyu yana gwadawa bai samu ba, sai da wata siririyar sandar roba da ake lalubo hanya da ita. Ya kuma ce sau da yawa yakan shirya wa wahala, ya tara mutane, abu ya zo da sauƙi, har a yi masa dariya.

"Alamun ga suna ƙarya wani bi," ya ce. "Ba duban boka nika yi ba. Abin da sunka yi mani, suna sa in shirya. Wanda anka yi ma dariya don ya shirya da yawa, ya koma gida ya ci tuwo. Ɗayan kau na san yadda yaka kwana."

Na yi ta tunanin wannan magana. A yawancin ayyukanmu, wanda ya hango matsala ya kauce mata ba a ganin aikinsa, don matsalar ba ta faru ba balle a ce ya yi maganinta. Ana tuna likitan da ya yi tiyata. Ba a tuna wanda ya tsaya a wajen kai, don ka shigo yana rufe da fuska, ka farka ya riga ya tafi wurin wani. Mutane nawa ne ke yawo a kasuwar Argungu, suna jefa taru a gulbi, suna dashen shinkafa a fadama, da suka bi ta hannun mutumin nan ba su ko san sunansa ba? Ni ma da ban sani ba, sai da abin ya zo gidanmu.

Shekara uku da suka wuce, cikin zafin watan Maris, yayana Rabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, yana ban-ruwan shinkafar rani. Injinsa yana cikin wata 'yar rumfar kwano da ya yi masa. Ya shiga ƙara fetur injin bai huce ba, wuta ta tashi, ƙofar rumfar ta maƙale na ɗan lokaci kafin ya banke ta. Da ƙafarsa ya fito, ya faɗa cikin ruwan da ke kwance a gonar, maƙwabcin gonarsa ya goyo shi a babur zuwa asibiti. Ina cikin aji aka kira ni.

Na tarar da shi zaune a bakin gado, hannuwa da fuska sun ƙone, rabin gemu ya tafi, amma yana magana, har da zolaya. "Usmanu, kak ka tada ma Inna hankali. Na huta da biyan wanzami." Likitan da ke aiki ya ce za a wuce da shi Birnin Kebbi saboda ƙunar. Hankalina ya kwanta.

Sai ga wani dattijo ya shigo da 'yar tocila. Ya yi wa Yaya sannu, ya haska hancinsa, ya ce ya buɗe baki, ya ce ya tofa yawu a auduga. Yawun ya fito da baƙi-baƙi. Ya juyo gare ni.

"Kai ƙanenai na? Haka muryatai take dama?"

Na ce ta ɗan dishe, ƙila ihun da ya yi ne. Ya auna haɓar Yaya da yatsu, ya dubi wuyansa, wanda gajere ne mai kauri irin na gidanmu. Ya fita, bayan kamar minti goma ya dawo ya ce Yaya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ni kaina na ji muryar ta ƙara yin ƙasa. Ya ja likita gefe suka yi magana, sannan suka zo tare. Likita ya ce za su sa shi barci su zura masa bututun numfashi yanzu, kafin a kama hanya.

Abin da na faɗa a lokacin ina jin kunyarsa har yau, amma zan rubuta. Na ce mutum yana zaune yana raha za ku kwantar da shi ku cusa masa roba? Na ce mutum nawa aka sa wa robar nan suka tashi? Na dubi dattijon nan na ce, "Ko gwaji kuka son yi da shi?"

Fuskarsa ba ta sauya ba. Ya ce, "Malam, zo ka gani." Ya nuna mini leɓen Yaya. "Sa'adda kaz zo, haka suke?" Na duba, sun yi kauri. "Abin da kaka gani waje, shi ka hwaruwa ciki. Ya shaƙi wuta. Ƙofar iska ba ta hi kaurin yatsanka ba, kuma tana kumbura. Yanzu ina iya samunta da wahala. Nan da awa guda muna tsakiyar hanya, ba ni samunta, ba kowa ka samunta."

Sai ya bar ni ya durƙusa a gaban Yaya, don shi ne mai jikin kuma yana cikin hankalinsa. Ya yi masa bayani dalla-dalla, bai ɓoye cewa sa bututun ma yana da haɗari ba. Yaya ya saurara, ya haɗiyi yawu da ƙyar, ya ce, "Malam, ni ma ina jin abu ya tokare ni nan. Bisimilla." Hannunsa ba ya riƙe biro, ni na sa hannu a takarda, ina yi ina jin haushi.

Aka fitar da ni. Wata nas da ke ciki ta gaya mini daga baya cewa kafin a taɓa allura dattijon nan, wato Malam Hodi, ya jera bututu uku, kowanne ya fi na gabansa ƙanƙanta, ya ajiye sandar lalube a kan ƙirjin Yaya, ya sa likita ya buɗe wuƙa ya tsaya a gefen wuya. Da ya leƙa, wurin ya riga ya kumbura, 'yar kafa kaɗan ta rage. Bututun da ake sa wa namiji kamar Yaya bai ko gwada ba, ƙaramin ya ɗauka. Ya shiga a karon farko.

A mota ina zaune a gefe. Filasta ba ta kama ƙonanniyar fata, don haka ya ɗaure bututun da zaren bandeji ta bayan wuya. Hannunsa ɗaya na riƙe da shi, ɗayan na matsa robar iska, a hankali, ba sauri ba jinkiri. Ina kallon fuskar yayana tana sauyawa a gabana. Kafin mu kai Ambursa idanunsa sun nutse cikin kumburi, leɓe sun juye, harshe ya cika baki ya leƙo waje. Da a hanya na gamu da shi haka, ba zan ce ɗan'uwana ba ne. Sai a lokacin na gane inda za mu kasance da an bi maganata. Na ɗaga ido na dubi Malam Hodi, ina jiran kallon nan na wanda gaskiyarsa ta fito. Bai yi mini shi ba. Cewa ya yi, "Malam, ɗaga mani ledar ƙarin ruwan ga sama kaɗan."

A Birnin Kebbi ya miƙa Yaya ga ma'aikatan can, ya faɗa musu lambar bututun da zurfinsa, ya gargaɗe su cewa idan ya fita mayar da shi zai yi wuya. Ya wanke hannu ya shiga mota suka juya. Ina ta kai da kawo da takardu, ban ko ce masa sannu ba.

Kwana takwas Yaya ya yi da bututun. Ranar da aka cire, muna tsaye ni da Inna da matarsa. Ya yi tari mai tsawo, ya motsa baki, muka matsa muna zaton salati zai yi. Cikin wata irin murya kamar ta tsohon ƙyaure ya ce, "An ba shinkahwa ruwa?" Inna ta fashe da kuka da dariya lokaci guda.

Sai da aka sallame shi na nemi gidan Malam Hodi. Na same shi da la'asar yana ba tantabarunsa dawa. Matarsa, Malama Baiwa, ta aiko mana da fura. Na ce na zo neman gafara a kan maganar da na faɗa. Ya yi ɗan tunani kafin ya tuna ni.

"Af, ƙanen mai shinkahwa. Malam, ai kai abin da ɗan'uwa ka yi shi kay yi. Tsoro na. Ni ma ranar tsoro nika ji."

Na ce ban ga alama ba.

"Shekara talatin da wani abu, ban taɓa ɗaukar ƙarhen leƙa maƙogwaro ba gabana bai hwaɗi ba. Ranar da nib bar jin haka, ranar ya kamata in aje aiki."

Yanzu ga shi zai ajiye, ba don tsoron ya tafi ba, sai don shekaru sun cika.

Malam Hodi, na gode. Inna ta ce in ce ta gode. Yaya Rabi'u ya girbe shinkafarsa sau biyar tun daga ranar, muryarsa ba ta koma daidai ba, amma da ita yake kiran 'ya'yansa sallar asuba. Ina kuma yi maka godiya a madadin waɗanda suka farka ba su san wa ya tsaya musu ba.

Ku matasan da ke shiga wannan aiki, dattijon nan yana nan Argungu, ƙafarsa da ƙarfi, ƙwaƙwalwarsa garau. Ku je ku zauna da shi tun yana iya nuna muku da hannunsa. Ku koyi duba kafin gaggawa, ku koyi tambayar matar da ke zaune a bakin ƙofa. Ku likitoci, idan wanda ke ƙasa da ku ya ce ku taɓa ku ji, ku taɓa. Masu iko da asibitocinmu, kada ku bari abin da ya tara ya tafi gida da shi. Ku kira shi ya koyar, ko da sau ɗaya a wata. Mu kuma 'yan'uwan marasa lafiya, idan aka tambaye mu ko mutum yana minshari, ko bakinsa na buɗewa, ko an taɓa shan wahala da shi a tiyata, mu faɗi gaskiya, ba ƙananan tambayoyi ba ne. Kada mu ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara. Kuma idan tsoro ya kama mu, mu riƙe harshenmu fiye da yadda na riƙe nawa.

Allah ya ba ka hutu mai albarka da tsawon rai cikin lafiya. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana tsare wa bayin Allah numfashinsu, idan naka na ƙarshe ya zo, Allah ya sa ya fita cikin sauƙi, ɗauke da kalmar shahada.